Tun ranar da na haihu jikina ya canja

A cikin 'ya'yan mahaifiyata ni ce ba na zama wuri ɗaya. Ni ce mai tashi kafin kowa, ni ake aika idan ana son abu ya zo da wuri, kuma ni ake roƙo in yi shiru a huta da surutu. Haka na girma, na gama karatu, na fara koyarwa a makarantar firamare, na yi aure. Sai in tsaya a gaban yara tun safe har a tashi, in dawo gida in kama wani aikin ban ji komai ba. Ina faɗin wannan ne don a san irin matar da ta shiga ɗakin haihuwa, saboda waɗanda suka san ni daga baya sun ɗauka dama can ni mai sanyin jiki ce.

Cikin fari ne, kuma bai ba ni wahala ba. Naƙudar ce ta yi tsawo. Da 'yata ta faɗo na ji kukanta, na ga fuskarta, har na yi murmushi. Bayan mabiyiya ta fita sai mahaifa ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: muryoyi sun ɗaga, ana danna mini mara da ƙarfi, sanyi ya taso mini daga tafin ƙafa, kunnuwana suka toshe. Da na farfaɗo na tarar ana mini ƙarin jini, maigidana yana tsaye a gefen gado idonsa ya yi ja. Daga baya aka gaya mini cewa awon jinina, wato ƙarfin da jini ke gudana da shi a jijiyoyi, ya faɗi ƙasa sosai, kuma an ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai.

A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana aiki da shi, idan jinin da mace ta zubar cikin awa 24 bayan haihuwa ya kai rabin lita, an shiga haɗari, idan ya kai lita ɗaya abin ya yi tsanani. Nawa ya wuce nan. Irin wannan zubar jini ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a duniya, shi ya sa da aka ga na tashi kowa ya yi hamdala, ni ma na yi. Waɗanda suka tsaya a kaina a daren sun ceci raina da ikon Allah, har gobe ina yi musu addu'a. Aka sallame ni da maganin ƙara jini, aka ce in ci abinci sosai in huta.

Sai nono ya ƙi zuwa.

Da farko an ce haka yake, ba ya zuwa nan take. Kwanaki suka yi ta tafiya, ƙirjina na nan yadda yake, bai cika ba, bai yi nauyi ba, ko ɗigo babu. Yarinya ta kama ta yi ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka. Duk abin da aka ce yana kawo nono na ci, na sha. Surukata, wadda na tabbata alheri take nufi, takan zauna kusa da ni ta ce, "Ki daure, 'yar nan, ki riƙa sa ta. Uwa ba ta rasa abin ba ɗanta." Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, domin ga ni uwa, ga shi na rasa. Da yarinya ta fara ramewa, fitsarinta ya ragu, maigidana ya kawo madarar jarirai. Ina kallo ta kama bulumboti ta shanye, ta yi barcin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta duniya. Na juya fuskata bango na yi kuka. Ina murna ta ƙoshi, amma zuciyata tana gaya mini cewa a farkon abin da aka ɗora mini a matsayin uwa na gaza. Idan 'yan barka suka ga kwalbar a hannuna, wasu sukan yi shiru, wasu su tambaya ko ba na son shayarwa ne saboda aiki.

Al'adata ma ba ta dawo ba. Aka ce ai mai jego takan daɗe ba ta gani ba, aka manta cewa shayarwa ce ke jinkirta ta, ni kuwa ban shayar ba. Na yi gwajin ciki, babu komai. Shekara ta zagayo, shiru. A cikin wannan lokaci wasu abubuwa suka faru da jikina waɗanda ban iya buɗe baki na faɗa wa kowa ba. Gashin hammata da na gaba ya zube, bai sake fitowa ba. Nonona ya motse. Sha'awar kusantar mijina ta mutu murus, kuma idan an kusance ni zafi nake ji saboda bushewa. Ya ɗauka na daina son sa. Ni kaina na fara tambayar zuciyata ko haka ne.

Gajiyar da ta zo mini ba irin wadda barci ke magancewa ba ce. Sai in tashi da safe kamar ban kwanta ba. Idan na miƙe da sauri ido ya rufe, sai na dafa bango. Kafin in karya jikina yana rawa, zufa mai sanyi tana keto mini, amma abincin ba ya mini daɗi. Mutane suna fifita ni ina neman mayafi. Fatata ta bushe, ta yi fari fat, wasu ƙananan layuka suka fito mini a gefen ido da baki har na fi yayata kama da babba. Bayan gida ya zama aiki. Muryata ta yi kauri, maganata ta yi nauyi. A aji sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake son rubutawa, in kalli yaron da na sani sarai in kasa tuno sunansa. Daga ƙarshe na ajiye aikin da nake ƙauna, domin na ga ina cutar da 'ya'yan mutane.

Na je asibiti, ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa da ƙorafin da ya fi damuna a ranar nake zuwa, shi ake dubawa, shi ake ba ni magani a kai. Ranar jiri a ce ƙarancin jini ne. Ranar maganar al'ada a ba ni ƙwayoyi, jini ya zo sau ɗaya, in sun ƙare ya ɗauke. Ranar da na fashe da kuka a gaban likita aka ce damuwa ce. Akwai wanda ya yi zargin ƙullutun maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tayirod, ya sa aka yi mini wani gwaji mai suna TSH. Sakamako ya fito a cikin iyakar da ake cewa lafiya. Na riƙe takardar nan na fito ina jin nauyi biyu: ga rashin lafiya, ga shaida a rubuce cewa lafiyata ƙalau.

Daga nan ne kalmar lalaci ta shigo. Ba a gabana ake faɗa ba, amma tana iso ni. An ce haihuwa ɗaya tak ta kwantar da ni. An ce miji ne ya sangarta ni. Maigidana ya yi haƙuri mai yawa, sai dai haƙurin da ba a san ranar ƙarewar dalilinsa ba yana cin mutum. Wata rana ya dawo ya tarar ban iya ko wanke wa yarinya jiki ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Don Allah ki gaya mini abin da na yi miki." Ba ni da amsa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda zuciyata ta dushe. Ranar da 'yata ta fara tafiya kowa yana tafi yana shewa, ni ina zaune ina kallo, na san ya kamata in ji daɗi, amma daɗin bai iso ba. Na yi ta istigfari a kan haka, ina ganin wani mugun hali ne ya same ni. Mahaifiyata kaɗai ce ba ta taɓa yarda da maganar lalaci ba. Takan dube ni ta ce, "Ni na haife ki, na san ki. Wannan ba ke ba ce."

Shekaru suka shuɗe a haka, har 'yata ta shiga makaranta. Sai ta kwaso zazzaɓi da amai da gudawa, ta yi kwana biyu ta warware, ni kuma na ɗauka. Abin da yarinya ƙarama ta tsallake cikin sauƙi ni ya kayar da ni. Na kasa riƙe ko ruwa a cikina, na fara sambatu, daga nan ban sake sanin inda nake ba. Yayata ce ta ba ni labarin sauran. A ɗakin gaggawa an tarar awon jinina ya yi ƙasa ƙwarai, sukarin jinina ya faɗi, gishirin jini da ake kira sodiyam shi ma ya ragu. Aka sa mini ruwa leda bayan leda, awon jinin ya ƙi tashi yadda ake so.

Wata likita ce ta zo ta duba ni daga sama har ƙasa. Da ta ɗaga hannuna ta ga hammata fayau, sai ta juya wurin yayata.

"Hajiya, aske gashin nan take yi?"

"A'a, Likita. Ban sani ba ma ashe babu."

"Yaushe rabonta da al'ada?"

Maigidana ya ce tun kafin ta haihu.

"Ta zubar da jini a haihuwar? Ta shayar?"

Yayata ta ce jini kam har sai da aka yi ƙari, nono kuwa ko ɗigo bai zo ba. Likitar ta sa aka ɗebi jinina nan take don gwaji, ba ta jira sakamako ba ta yi mini allurar wani magani mai suna haidirokotizon a jijiya. Kafin gari ya waye na buɗe ido, na gane kowa, na ce ina jin yunwa. Yayata ta ce rabon da ta ji na nemi abinci da bakina har ta manta.

Bayan na samu ƙarfi aka tura ni wurin ƙwararren likitan sinadaran jiki. Ya ɗauki takarda ya zana mini, kuma zan faɗi abin da na fahimta, domin rashin saninsa ne ya ci mini shekaru. A jikin mutum akwai wasu sassa da aikinsu shi ne haɗa wani ruwa ko sinadari su fitar, likitoci suna kiran su giland. Kashi biyu ne. Akwai masu bututu, waɗanda ke zubar da abin da suka haɗa a waje ko a cikin wata kafa ta jiki, irin masu fitar da zufa, da yawu, da hawaye, da ruwan nono. Akwai kuma marasa bututu, waɗanda ke zuba sinadarinsu kai tsaye cikin jini, jini ya kai shi inda zai yi aiki. Irin wannan sinadari shi ake kira homon. Tayirod da ke gaban wuya tana cikinsu, ita ke saita saurin aikin jiki da ɗuminsa. Akwai adirinal guda biyu, kowanne a saman ƙoda ɗaya, masu fitar da kotizol, wanda ke riƙe awon jini da sukari musamman lokacin ciwo ko rauni. Akwai ma'ajiyar ƙwan mace, mai fitar da istirojin da furojestaron, sinadaran da ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Akwai fankiriyas, wanda ke aiki ta hanyoyin biyu: yana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, yana kuma zuba insulin cikin jini.

Sai ya ɗiga alƙalami a ƙasan zanen ƙwaƙwalwa, ta bayan hanci. Ya ce a nan akwai wani ɗan ƙullutu mai suna fituwitari, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa kusan rabin giram, yana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi. Shi ke aika wa da yawa daga cikin sauran umarni. Yana fitar da TSH ya tayar da tayirod, da ACTH ya tayar da adirinal, da FSH da LH su tayar da ma'ajiyar ƙwai. Yana fitar da furolaktin, wanda ke sa nono ya haɗa ruwa, da kuma homon ɗin girma. Lokacin goyon ciki wannan ƙullutu yana ƙara girma sosai, saboda ƙwayoyin da ke haɗa furolaktin suna yawaita don shirin shayarwa. Ya girma, buƙatarsa ta jini ta ƙaru, amma gurbin ƙashin da yake ciki bai faɗaɗa ba, kuma siraran jijiyoyin da ke kai wa ɓangarensa na gaba jini dama ba da ƙarfi jinin ke gudana a cikinsu ba. Idan a wannan hali mace ta zubar da jini har awon jininta ya faɗi, sai jini ya yanke masa, naman ya mutu.

Wani likita ɗan Ingila mai binciken gawa, Harold Sheehan, shi ya bayyana alaƙar wannan lalacewa da zubar jinin haihuwa a shekarar 1937, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Da na ji shekarar sai jikina ya yi sanyi. Ashe tun kafin a haifi mahaifiyata an san wannan ciwo, an san alamarsa ta farko ita ce rashin zuwan nono, ta biyu rashin dawowar al'ada. Hoton cikin kai da aka yi mini da na'urar da ake kira MRI ya nuna gurbin kusan fanko, saura ɗan siririn nama a ƙasa.

Na tambaye shi maganar gwajin da aka taɓa yi mini aka ce lafiya. Ya ce a yawancin masu ciwon tayirod, ita tayirod ɗin ce ke gazawa, sai fituwitari ya yi ta ƙara TSH don ya tayar da ita, a ga adadin ya hau a gane. Ni kuwa tayirod ɗina lafiyarta ƙalau, mai ba ta umarni ne ya raunana, don haka TSH ba zai hau ba, yana iya fitowa ƙasa ko ma a tsakiya. Sai an auna sinadarin tayirod ɗin kansa, wanda ake kira T4, sannan a ga ya yi ƙasa. Da aka auna nawa haka aka samu. Kotizol kuma da sassafe ake auna shi, wajen ƙarfe 8, lokacin da ya kamata ya kai ƙololuwa. Nawa a wannan lokacin ma ƙasa yake ƙwarai. Shi ne dalilin jirin, da rawar jiki kafin karyawa, da faɗuwar da na yi a kan ciwon da bai kayar da ƙaramar yarinya ba. Jikin mai lafiya yana ninka kotizol idan zazzaɓi ya zo, nawa ba shi da inda zai samo.

Ban san sunan abin da na ji a ranar ba. Akwai sauƙi a ciki, domin an wanke ni. Ban ƙi 'yata ba, ban ƙi mijina ba, ban zama malalaciya ba. Akwai kuma baƙin ciki mai zurfi a kan shekarun da suka tafi, da wani ɗaci da na daɗe ina roƙon Allah Ya cire mini. Maigidana yana zaune a gefena lokacin da ake bayanin. Da muka fito bai ce komai ba har muka isa gida, sannan ya ce, "Ki yafe mini." Na ce babu abin yafewa, shi ma bai sani ba. Surukata da aka yi mata bayani ta riƙe hannuna ta daɗe tana hawaye. Ita ce yanzu take fara tambaya ko na sha magani.

Maganin shi ne a mayar wa jiki abin da ya daina haɗawa, kuma akwai tsari a jerin. Sai da aka fara ba ni haidirokotizon, wanda ke maye gurbin kotizol, kafin a kawo lebotairoksin na tayirod. Likita ya ce idan aka juya tsarin akwai haɗari, domin maganin tayirod yana hanzarta aikin jiki, ya sa ɗan kotizol ɗin da ya rage ya ƙare da wuri, mutum ya faɗi. Abin da ake ba babba na haidirokotizon a yini yawanci tsakanin miligiram 15 ne zuwa 25, a raba shi biyu ko uku, kaso mafi girma da farkawa, don a kwaikwayi yadda jiki ke yi da kansa. Ba ya daɗewa a jini, cikin awoyi yake ƙarewa, shi ya sa idan lokacin na rana ya gota nakan ji a jikina. Lebotairoksin kuwa sau ɗaya ne da safe, da ruwa kawai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a ci abinci, kuma a nisanta shi da ƙwayoyin ƙarfen jini da na kalsiyam da kamar awa huɗu, don suna hana hanji tsotse shi. Shi a hankali yake aiki, sai an yi makonni shida zuwa takwas kafin a sake gwaji a gyara adadi, kuma ni da T4 ake bibiyata. Daga baya aka ƙara mini istirojin da furojestaron, saboda rashin istirojin a shekarun ƙuruciya yana cinye ƙashi. Na karanta cewa wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Edward Kendall, shi ya fara ware sinadarin tayirod a 1914, kuma yana cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 1950 kan binciken sinadaran adirinal. Magunguna biyun da ke riƙe da ni duka aikinsa ya taɓa su.

Dawowar ta zo daki-daki. Ci ya fara buɗewa, jiri ya ɗauke. Bayan wasu makonni na lura na kwana ban ja mayafi ba. Fata ta yi laushi, murya ta washe, tunani ya fara gudu. Wata rana 'yata ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin wata rigima da suka yi da ƙawarta, tana kwaikwayon muryar kowa, sai na ji dariya ta taso mini tun daga ciki har da hawaye. Ta tsaya tana kallona da mamaki ta ce, "Mama, ashe kina dariya haka?" Wannan tambaya ta daɗe tana sukata. Yarinyar ta tashi da uwa mai kwanciya da shiru, ta saba ta je wurin babanta ko kakarta idan tana son wasa. Sai da muka koyi juna daga farko, kuma har yanzu muna koyo.

Ba duka abin da ya tafi ne ya dawo ba. Naman da ya mutu ba ya sake tsirowa, don haka maganin na har abada ne. Akwai ranakun da gajiya ke kama ni da yamma ko da na sha komai a kan lokaci. Amma an bar mini wasu abubuwa. Ɓangaren baya na fituwitari, mai sakin sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa fiye da kima, bai taɓu ba, kamar yadda yake ga mafi yawan masu wannan ciwo. Sinadarin adirinal mai riƙe gishiri a jiki shi ma yana nan, domin daga ƙoda yake karɓar umarninsa.

Abin da ya fi muhimmanci da aka koya mini shi ne dokar ranar rashin lafiya. Idan zazzaɓi ya kama ni, ina ninka haidirokotizon har sai na warware. Idan amai ya hana ƙwayar zama a ciki, ba a jira: allurar miligiram 100 ce a cinya, sannan a wuce asibiti. Idan za a yi mini tiyata ko wani aiki mai nauyi, dole a sanar da likitoci tun kafin a fara. Ina yawo da kati a jakata mai bayanin ciwona, kuma an koya wa maigidana da yayata yadda ake haɗa allurar. An taɓa buƙatarta, cikin dare, da amai ya sake kama ni. Hannunsa yana rawa ya yi mini, muka isa asibiti ina magana da bakina.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Wasu suna cewa shan magani kullum yana kashe ƙoda, wasu suna cewa ai irin wannan magani ne ke kumbura mutane. Gaskiya ne cewa idan kotizol ya yi yawa a jiki yana kawo zagayayyar fuska, da teɓa, da hawan jini, da hawan sukari, da raunin ƙashi, kuma masu shan irinsa barkatai ba da izinin likita ba suna jawo wa kansu wannan. Amma ni ba ƙari nake yi a kan abin da jikina ke haɗawa ba, cike gurbin abin da babu nake yi, kuma ana auna nauyina da awon jinina a kai a kai don kada a zarce. Idan na daina shi rana tsaka, raina ne a kan layi. Na koyi in saurari mai shawara da ladabi, in yi godiya, in ci gaba da abin da ya tashe ni daga kwance.

Akwai abin da nake gani ya kamata ya zama doka a kowane ɗakin haihuwa. Duk matar da ta zubar da jini sosai, kafin a sallame ta a gaya mata a gaban mijinta ko mai jinyarta: idan nono bai zo ba, ko al'ada ba ta dawo ba alhali ba ta shayarwa, ko gajiya ta ƙi tafiya, ta dawo, kuma ta fara da labarin jinin. Ba kowace mai zubar jini ce ke samun wannan ciwo ba, kuma rashin nono yana da wasu dalilan. Wasu ma nonon yana zuwa, sai bayan shekaru sauran alamomin su bayyana a hankali, saboda ba duka ƙullutun ne ya lalace ba. Amma faɗin wannan magana ba ya cin minti biyu. Su kuma likitocin da mace ke zuwa musu da gajiya da jiri da ɗaukewar al'ada, ina roƙon su tambayi yadda haihuwarta ta ƙarshe ta kasance, ko da shekara goma ke nan. Mata da yawa ba za su ambaci zubewar gashin gaba ko mutuwar sha'awa da kansu ba, sai an tambaya cikin mutunci.

Na koma koyarwa, da rabin yini na fara, yanzu ina yin cikakke. Maganar da ta rage mana ita ce ta ƙarin haihuwa. Likita ya ce ma'ajiyar ƙwaina tana nan da ƙwai, umarni ne ba ya iso mata, kuma akwai alluran da ke maye gurbin FSH da LH su sa ƙwai ya nuna, mata masu irin ciwona sun samu ciki ta wannan hanya sun haihu lafiya. Ya kuma ce ciki irin wannan yana buƙatar sa ido sosai, a ƙara adadin maganin tayirod, a ba da ƙarin haidirokotizon lokacin naƙuda, kuma da wuya nono ya zo a wannan karon ma. Mun daɗe muna juya maganar ni da maigidana. Ina son 'yata ta samu ƙani ko ƙanwa, kuma ina tsoron ɗakin haihuwa, ba zan ɓoye ba. Shi ya ce ba zai matsa mini ba ko ta wane ɓangare, duk abin da na zaɓa yana tare da ni. Mun yanke cewa za a fara auna ƙarfin ƙashina a daidaita magungunana tukuna, sannan mu je mu zauna da likitan mata tare da likitan sinadarai a rana ɗaya, mu ji abin da kowannensu zai ce a gaban ɗan'uwansa.